Jif a Kan Jinga

Maciji ya sari Malam Bakari Direba da sassafe, yana kwance tumakinsa a bayan gida. Kububuwa ce, irin waɗanda cikowar kogi ke korowa daga fadama su shigo gari neman tudu. Kafin rana ta ɗaga, ƙafarsa ta kumbura, dasashinsa ya fara tsattsafo da jini. Duk wanda ya tashi a Garin Zarami ya san ma'anar wannan: ko a kai shi asibitin Haɗeja yau a yi masa allurar dafi, ko a fara neman likkafani.

Ɗansa na biyu, Inuwa, ya ruga bayan masallaci, inda nan kaɗai waya ke kamawa, ya kira yayansa Badamasi a Haɗeja.

"Yaya, igiyar ƙasa ta taɓa Baba. Mun shirya kwalekwale. Ka tarye mu da mota a bakin fito, yanzu za mu taso."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kwalekwale? Ku ɗora tsoho da dafi a jiki cikin kwalekwale, rana na dukansa, ruwa na jijjiga shi? Kada wanda ya motsa shi. Ga ni nan, har ƙofar gida zan zo in ɗauke shi."

"Har ƙofar gida ta ina? Yaya, ruwa ya cinye hanya."

"Ba ka ga abin da na sayo ba ne, shi ya sa kake faɗin haka. Ka ce wa Baba jif ce. Ku jira ni."

Ƙit, ya kashe waya. Inuwa ya tsaya yana kallon wayar a hannunsa. To, me zai ce? Ƙane ba ya jayayya da yayansa, balle yayan da ke riƙe da gidan gaba ɗaya. Ya koma ya ce wa mai kwalekwale ya ɗaure abinsa tukuna.

Kada ku ɗauka Alhaji Badamasi wawa ne. Wawa ba ya tashi daga dakon shinkafa a kasuwar Auyo ya mallaki injinan casa a Haɗeja. Mutum ne mai lissafi, mai son ubansa kamar ransa. Ciwonsa ɗaya ne, ciwon babbar mota, kuma a gida ya kwaso shi.

Malam Bakari a zamanin ƙarfinsa shi ne direban ma'aikatan gandun daji masu zuwa Baturiya. Landiroba yake ja, mai rufin tamfol da kujera kamar benci, ba fanka ba rediyo, in ta ƙi tashi sai a tsaya a gabanta a murza ta da hannu. Ko bayan ya ajiye tuƙi ya dawo noma, bakinsa bai ajiye ta ba. A zaure, in an gama cin tuwo, sai ya miƙe ƙafa ya fara: yadda ta ratsa laka har gwiwa, yadda ta janyo motar kifi daga rami, yadda ta hau tudun yashi tana gurnani. Ya ce ba ƙasar da ta taɓa gagarar ta. Badamasi yana yaro ya haddace labaran nan fiye da yadda ya haddace allonsa.

Ya girma yana kallon irin motocin nan suna sauya kama a gaban idonsa. Tamfol ya tafi, rufin ƙarfe ya zo. Aka sa musu esi mai sanyaya ciki, aka sa kujerar fata. Daga hannun ma'aikatan daji da malaman dabbobi suka koma hannun 'yan siyasa da manyan alhazai. Kowane sabon yayi sai sun ƙara tsawo, sun ƙara faɗi, sun ƙara nauyi, har suka zama falo mai taya huɗu. Kuma kowa ya san abin da ake saya ba mota ba ce kawai. Kana zaune can sama, masu babur suna ƙasa da gwiwar hannunka. A gidan biki tun daga nesa ake wangale maka ƙofa. A shingen hanya ba a tambayarka takarda, hannu ake ɗaga maka. Badamasi ya ga duk wannan, ya kuma so shi, ba zai yi musu ba. Amma abin da ya fi so shi ne ranar da zai buɗe wa tsohon direba ƙofar gaba ya ce, "Baba, ga jikar Landirobarka."

A makon nan ya ɗauko jif ɗin daga Kano. Baƙa ce wuluk, gabanta ya kai ƙirjin babban mutum. Akwai firij a tsakanin kujeru, akwai allo da ke nuna maka gaba da baya da gefe a lokaci guda, kujerar ma in ka danna wani abu sai ta shiga yi maka tausa. Matarsa da 'ya'yansa sun zagaya ta sun shafa, amma ya hana kowa shiga. Ya ce sai Baba ya fara hawa ya sa mata albarka. Jira yake ruwa ya janye ya kai ta gida, sai ga kiran Inuwa.

Ya fita daga Haɗeja bakinsa na ta salati. Ya kama hanyar Auyo, ya saki kwalta, ya faɗa hanyar fadama. A nan, wallahi, motar ta nuna kanta. Inda ƙananan motoci ke tsayawa a sauke fasinja a tura, ita ko gezau. Ya murɗa wani ɗan maɓalli mai hoton laka, ta ɗaga jikinta sama, ta shiga ciki ta fito tana watsi da taɓo hagu da dama. Kwazazzabon da ya san yana cinye tayar amalanke ta haye shi kamar an shimfiɗa tabarma. A ciki kuwa sanyi, shiru, ko kofin ruwa ba zai tuntsire ba. Duk da tashin hankalin da yake ciki sai da zuciyarsa ta yi fari. Ya hango Baba kwance a kujerar baya, ƙafar a miƙe, ba rana ba girgiza. Ya ce a ransa, ai gaskiyata ce da na hana su.

Haka ya isa bakin fito, inda hanya ta ƙare ruwa ya fara. Daga nan zuwa Garin Zarami hanyar rani ta nutse, ba ka ganin komai sai kan ciyawar kacala da kainuwa. Abin da ya rage a sama shi ne jinga.

Jinga ita ce ganuwar ƙasa da mutanen garin suka tayar tsakanin kogi da gonakinsu. Kowace shekara kafin ruwa ya zo sai an yi mata gayya, maza da fartanya da buhunan yashi, mata da kunu da ruwan sha. Hannun dama kogi ne ya cika ya batse, yana lasar bakinta. Hannun hagu, can ƙasa, shinkafar gari ce kaf, kore shar, ta fara fitar da kai. Dokarta ɗaya ce, kuma ko ɗan yaye ya san ta: da zarar kogi ya kawo, ana gitta reshen ƙaya a bakinta. Daga ranar ba amalanke, ba garken shanu. Mai babur ma sauka yake yi ya tura. Ƙasar ta sha ruwa ta ciki, samanta ne kawai yake a bushe.

Badamasi ya sani. Shi da kafaɗarsa ya ɗauki buhunan da ke cikin jingar nan yana saurayi. Ya sauko ya tsaya yana kallon ƙayar, ya kalli faɗin jingar, ya kalli faɗin motarsa. Za ta shiga, da ƙyar. Ya hango rufin kwanon masallacin garinsu yana walƙiya can gaba. Ya ce ai amalanke siririyar taya gare ta, shi ya sa take yanka ƙasa, wannan kuwa tayarta ta kai faifai. Ya ce ai dokar ba a yi ta don ranar da rai ke hannun Allah ba. Ya kama reshen ya ja shi gefe.

Wata tsohuwa 'yar garinsu, Iya Gumsu, tana suyar kifi a ƙarƙashin rumfa. Ta saki cokalin suya ta miƙe.

"Kai! Badamasi ɗan Bakari! Me kake yi haka?"

"Iya, Baba ne ba lafiya. Yanzu zan fito."

"Da wannan giwar? A kan jinga? Ka haukace ne? Ka kira su su fito da shi mana!"

"Iya, wannan ba irin motocin da kika sani ba ce."

Ya shiga ya rufe ƙofa. Da ƙofar ta rufu muryarta ta ɗauke ɗif. A allon ya gan ta a baya, tana bin sa da gudu irin na tsofaffi, zaninta na kwancewa, hannuwanta a ka. Bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya tafi a hankali. Motar ta hau, ta zauna daram. Ya yi nisa, har ya wuce rabi, har ya fara gane mutanen da ke tsaye a bakin gari. Ya ce Alhamdulillahi.

Sai ya ji kujerarsa ta ɗan sunkuya dama.

Ba ƙara, ba komai. Sitiyarin ya yi sakwaf a hannunsa. Ya taka mai, tayoyin huɗu suka juya gaba ɗaya, kuma duk juyin da suka yi ƙasa suke haƙa. Allon ya kama ƙyafta jan haske yana kuka ƙit-ƙit-ƙit. A ciki ya ga abin da har ya mutu ba zai manta ba: jingar tana tsagewa a ƙarƙashinsa, baki ya buɗe, ruwan kogi ja ya leƙo. Bayan motar ya zurma, gabanta ya karkace, ta juya ta gitta a cikin ramin. Ruwa ya hau gilashin dama har ya rufe shi.

Ƙofa ta ƙi buɗuwa, ruwa ya danne ta. Ya danna gilashin rufi ya zuge, ya taka kujerar fata da takalminsa ya fito ta sama. A nan ne ƙarar ta same shi. Kogin Haɗeja gaba ɗaya yana kwarara ta gaban motar da bayanta, yana faɗawa cikin shinkafa da rugugi. Yana tsaye yana kallo, gonar farko ta ɓace. Ta biyu ta bi ta.

"Na shiga uku," ya ce. "Na shiga uku, na kashe gari."

Ya daka tsalle ya faɗa ɓangaren gari, ya kama gudu. Hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Kafin ya kai, ihu ya riga shi: "Jinga ta karye! Jinga ta karye!" Maza suka ɓarke daga gidaje da fartanya da buhuna da itatuwa, suka nufo shi a kan siririyar hanyar. Ya tsaya ya rufe ido, yana jiran duka. Ba wanda ya taɓa shi. Abokan wasansa, ƙannen babansa, limamin gari da babbar rigarsa a naɗe, kowa ya kalle shi baki buɗe ya raɓa ta gefensa ya wuce. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya tarar da Baba a zaure, kwance a tabarma, Inuwa na riƙe da kansa. Ƙafar ta zama kamar turmi. Jini ya bushe a gefen bakinsa. Amma abin da ya karya zuciyar Badamasi shi ne kayan jikinsa. Tsohon ya sa an saka masa farar rigarsa ta Juma'a, da hula, har da turare. An ce masa ɗansa na zuwa da jif, shi kuwa ba zai shiga jif da rigar barci ba.

Malam Bakari bai taɓa kiran sunan Badamasi ba, ɗan fari ne. Ya buɗe ido ya dube shi, ya dubi bayansa.

"Kai, ina motar?"

Badamasi ya durƙusa. A waje mata na kururuwa, yara na kuka, ana ta kiran a kawo buhu.

Tsohon ya saurara. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya yunƙura zai tashi zaune, idanunsa suka fito.

"Kan jinga ka hau?"

"Baba, na ga kamar..."

"Kan jinga? Da mota?"

"Kai ka ce mana ba ƙasar da ta taɓa gagarar Landiroba. Wannan kuwa ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba."

"La'ilaha illallahu." Tsohon ya koma ya kwanta. "A bakin fito nake ajiye ta, yaro. Duk shekarun da na yi ina tuƙi, in na zo gida da damina a bakin fito nake ajiye ta, in cire takalmi in tako. Wa zai ba da labarin wannan? Ai kowa ya sani."

Badamasi ya kifa kansa a tabarmar ya fashe da kuka, kuka na gaske, babban mutum da furfura a gemu. Inuwa ne ya girgiza kafaɗarsa.

"Yaya, ba lokacin kuka ba ne. Bari in nemo kwalekwalen."

"Kada ka soma," in ji tsohon. "Yashi yake ɗauka yanzu. Ka cire shi daga aiki saboda ni, gari ya kwana cikin ruwa? Kuma ta ina zai bi? Duk abin da ya matsa kusa da wurin nan, ruwa zai zuƙe shi."

Gaskiya ya faɗa, su biyun sun sani. Hanyar kwalekwale gefen jingar take bi, ta daidai inda ta ɓalle.

Badamasi ya share fuska. Ya cire babbar rigarsa ya murɗe ta, ya juya baya ya tsuguna.

"Inuwa, ɗora mini shi."

"Yaya, da nisa fa."

"Ɗora mini shi na ce!"

Suka goya tsohon, suka ɗaure shi da rigar. Bai yi nauyi ba, abin da ya ba Badamasi tsoro ke nan. Ya tashi ya kama jinga, Inuwa na biye yana tallafe da ƙafar mai ciwo. Rana ta take. A damansu, inda da safe shinkafa take, yanzu ruwa ne shimfiɗe, sai ɗan kan ganye nan da can. Numfashin tsohon yana sauka a wuyan Badamasi, da zafi, gajere-gajere.

Da suka iso wurin, Badamasi ya ja ya tsaya. Mutanen gari sun ga motar ta cije a tsakiyar ramin, ruwa bai tafi da ita ba, sai suka mayar da ita ginshiƙi. Sun kafa itatuwa a gabanta da bayanta, suna jera buhuna a jikinta. Sun farfasa gilasan, suna ɗura mata yashi ta tagogi da ta rufi don ta ƙara zama. Kwano bayan kwano, a kan kujerun fata, a kan allon, a kan firij. Ruwa bai daina wucewa ba, amma ya rage ƙarfi. Ba wata hanyar hayewa sai ta kan rufinta.

Da aka ga wanda ke goye a bayansa, aiki ya tsaya cak. Liman ya miƙo hannu, wani ya riƙe gwiwar hannun Badamasi, aka taimaka masa ya taka buhu, ya taka murfin inji, ya hau rufi. Ƙarfen yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa saboda ƙarfin ruwa.

"Tsaya," tsohon ya ce a kunnensa, da ƙyar. "Ita ce wannan?"

"Ita ce, Baba."

Ya ji kan tsohon ya ɗan sunkuya ta kafaɗarsa yana dubawa.

"Kai, ƙatuwa ce," ya ce. "Mu ba mu ga irin wannan ba."

"Baba, ka yafe mini."

"Wuce, ka tare wa mutane aiki."

Ya wuce. Aka sauko da su a ɗaya ɓangaren, bayansu aka ci gaba da jefa buhuna. Badamasi ya ƙara sauri. Ƙafafunsa ba takalmi, bai san inda ya yar da su ba. Gumi na shiga masa ido. Ya kama yi wa tsohon magana don kada ya yi barci. Ya ce a bakin fito ba a rasa mai ɗaukar kifi, ko a-kori-kura ce za su hau. Ya ce ya san likitan, mutumin kirki ne, allura ɗaya zai yi masa ƙafar ta sace. Ya ce shinkafar da ta nutse shi zai ɗauki nauyinta, gida-gida, ko da zai sayar da injinansa. Ya ce in rani ya yi shi zai fara ɗaukar buhu a gayyar jinga. Yana ta faɗa, yana haki, har rumfar Iya Gumsu ta bayyana, ga ta tsaye a bakin jingar ta dafe ƙirji.

"Yaya," in ji Inuwa daga baya.

"Ga bakin fito can, Baba. Mun iso."

"Yaya, tsaya."

"Ka riƙe ƙafar da kyau mana, kana barin ta tana lilo!"

Inuwa ya sha gabansa ya dafa ƙirjinsa da hannu biyu. Fuskarsa jiƙe take sharkaf.

"Yaya, sauke shi a hankali. Tun muna saukowa daga kan motar ya cika."